Ina kwana buga wasa a waya, yanzu ji nake kamar jikina ba nawa ba ne

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a Tudun Wada, Kaduna, shekarata 21. Na kai shekara ina buga PUBG da Free Fire har kiran asalatu. Kwanan nan in na ajiye waya sai in kalli hannuna in ji kamar na wani ne, muryata ma kamar daga nesa take fitowa. Abokina ya ce shafar aljanu ce. Haukacewa zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Kwantar da hankalinka, likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan yanayi sarai, kuma ba hauka ba ne. Ka san hannun naka ne, jin ne kawai ya sauya, kuma wannan sanin alama ce cewa hankalinka na nan daram.

Abin da ya fi jawo shi shi ne rashin barci, fargaba mai yawa, tsohon tashin hankali da mutum ya danne, da kuma wiwi ko ƙwayoyi irin su tramadol. Duba yadda darenka yake tafiya. Kana kwance a katifa, kunne a toshe, hankalinka gaba ɗaya ya koma kan ɗan mutumin da ke gudu a allon waya. Yunwa ta zo ka share, fitsari ya matse ka ka ce sai an gama wannan zagayen, wuya ya ƙage ba ka ji ba. Wata da watanni kana yin biris da saƙon jikinka, ga ba barci. Ba mamaki ka ji shi kamar baƙo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin kundinta na cututtuka a 2019, ya fara aiki a 2022. Ba yawan awanni ake dubawa ba. Ana duba ko mutum ya kasa tsayawa, ko wasan ya danne karatu da sauran lamuransa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin illa, yawanci tsawon wata 12. Abin da ya fi damuna, sau da yawa wasan mafaka ce. Me kake gudu da rana da ya sa kake ɓuya a waya da dare? Wannan tambayar ta fi goge wasan muhimmanci.

Fara da dare. Ƙarfe 11 waya ta kwana a falo, ko ka damƙa wa Umma. Daina lemon ƙara kuzari da yamma. In jin ya taso, yi alwala a nitse da ruwan sanyi, kana lura da yadda yake bin fatarka, ko ka taka ƙasa ba takalmi. Da la'asar fita Dandalin Murtala ka buga ƙwallo har ka yi gumi.

Ka riƙe addu'a, amma kada ta hana ka asibiti. In ya wuce makonni bayan barcinka ya daidaita, je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. In kana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko hankalinka na ɗaukewa ka farka ba ka san me ya faru ba (wani nau'in farfaɗiya na yin haka), ko tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka jira, tafi yau tare da wani babba a gida. In kana shan wani abu, faɗa wa likita gaskiya, sirrinka a rufe yake.