Yaron da 'yan kallo ke yi wa tafi amma ta wajensa ƙwallo ke shiga

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaranka na fili, saƙonka ya iso gare ni. Ka ce kana da yaro ɗan shekara 18 da ke buga maka lamba biyar, wato ɗan baya na tsakiya, dogo ne kuma ƙaƙƙarfa, ba ya tsoron kowa, idan ya zube ƙasa ya kwaso ƙwallo daga ƙafar ɗan gaba sai fili ya ɗauki ihu, amma da ka zauna ka duba ƙwallayen da aka zura muku a wannan kaka sai ka ga yawancinsu ta wajensa suka bi. Kana tambaya ko ka ajiye shi a benci, ko ka ƙara masa gudu da ɗaga ƙarfe, ko kuwa ka haƙura ka nemi wani.

Kada ka yi ko ɗaya daga cikin ukun tukuna. Abin da ka kwatanta mini ba rashin ƙarfi ba ne, ba kuma rashin zuciya ba ne, yaron bai san inda zai tsaya ba ne, kuma wannan abu ne da ake koyarwa. Zubewar da ake yi masa tafi a kanta ita ce ke tona masa asiri, domin mai tsaron baya ba ya zubewa ƙasa sai ya makara, kuma da zarar ya zube, idan bai sami ƙwallon ba, to ƙungiyarsa ta koma mutum goma har sai ya tashi. Idan kuma ya sami ƙafar mutum maimakon ƙwallo a cikin yadi na 18, ka san abin da alƙalin wasa zai nuna. 'Yan kallo suna ganin kwasar, ba sa ganin taku biyun da ya kasa yi kafin a bugo ƙwallon, waɗanda da ya yi su da ya karɓe ta a tsaye ba tare da wandonsa ya taɓa ƙasa ba. Aikinka shi ne ka ga waɗannan taku biyun, sa'an nan ka sa shi ma ya gan su.

Ka fara da tsayuwar jikinsa idan ya fuskanci mutum ɗaya. Yawancin yaranmu suna tunkarar ɗan gaba da ƙirji, ƙafafu a jere, nauyi a kan diddige, kuma wanda ya tsaya haka da an karkata masa sau ɗaya an wuce shi. Ka koya masa ya rufe tazara da sauri yayin da ƙwallo ke kan hanya, amma ya rage gudu da gajerun taku kafin ya isa, ya tsaya kamar tsawon hannu daga mutumin, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a lanƙwashe, jiki a karkace ta yadda zai tura ɗan gaban zuwa layin gefe ko zuwa ƙafarsa marar ƙarfi. Idonsa a kan ƙwallo, ba a kan rawar kafaɗa da wasan ƙafa ba. Ya jira har ɗan gaban ya tura ƙwallon ta ɗan yi nisa da ƙafarsa, a nan ne ake sa ƙafa. Ka ware ɗan fili mai faɗin taku goma da tsawon taku goma sha biyar, ka sa su ɗaya da ɗaya, ka kafa doka cewa duk ɗan bayan da ya zube ƙasa an ci shi, kuma duk wanda ya jinkirta ɗan gaba har ka ƙirga biyar ya ci ko da bai taɓa ƙwallo ba. A makon farko zai ji haushi, zai ga kamar ka ɗaure masa ƙafa, amma a nan ne zai gane cewa jinkirta mutum har abokan wasa su dawo shi ma tsaron gida ne.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne sanin lokacin ja da baya da lokacin matsawa gaba, kuma ina zargin a nan yaronka yake faɗuwa. Ƙa'idar ba ta da wuyar faɗa. Idan mai riƙe da ƙwallo na abokan hamayya ya ɗaga kai, ba wanda ya matsa masa, yana fuskantar ragarku, to 'yan baya su juya jiki su fara ja, domin ƙwallon da za ta bi ta bayansu tana tafe. Idan kuwa an matsa masa, ko ya juya baya, ko an mayar da ƙwallo baya, to layin duka ya tako gaba tare. Wahalar ita ce mutum huɗu ne za su karanta abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma idan uku suka tako ɗaya ya tsaya, wannan ɗayan ya karya tarkon satar gida ya ba ɗan gaba fili kyauta. Saboda haka ba za ka iya gyara lamba biyar shi kaɗai ba, sai tare da lamba shida, abokin tsayuwarsa a tsakiya, da lamba biyu da lamba uku na gefe, da mai tsaron raga a bayansu yana yi musu magana.

Arrigo Sacchi, wanda ya horar da AC Milan daga 1987 zuwa 1991, ya yi suna da wani atisaye da mutane suka riƙa yi wa dariya: yana jera 'yan wasa a fili babu ƙwallo, ya nuna inda ƙwallon take a zato, su kuma su motsa tare, kuma ba ya so tazarar da ke tsakanin 'yan bayansa da 'yan gabansa ta wuce mita 25. Da 'yan bayansa Tassotti da Baresi da Costacurta da Maldini ya ɗauki Kofin Zakarun Turai a 1989 da 1990, kuma bayan ya tafi, waɗannan mutanen dai a hannun Fabio Capello ƙwallo 15 kacal aka zura musu a wasa 34 na gasar Italiya ta 1993/94, suka ɗauki kofin alhali su kansu ƙwallo 36 suka ci. Ba na kawo maka wannan don ka kwatanta yaranka da Baresi, sai don ka lura cewa atisayen ba ya buƙatar ciyawa ko na'ura ko kuɗi. A filin makarantar firamare ma za a yi shi. Ka riƙe ƙwallo a hannu kana yawo da ita a gabansu, idan ka ɗaga ta su ja, idan ka juya musu baya su tako, idan ka nufi gefe wanda ke kusa ya fito sauran ukun su rufe bayansa. Minti goma sha biyar a kowane atisaye, ba fashi, har abin ya zauna musu a jiki.

Kuma ka sa shi ya buɗe baki. Yaranmu an rene su da kunyar manya, kuma tarbiyya ce mai kyau a gida, amma a fili lamba biyar shi ne ke ganin wasan duka a gabansa, kuma idan yana jin nauyin ya daka wa ɗan tsakiyar da ya girme shi tsawa ya ce masa ya dawo, to wannan kunyar za ta koma ƙwallo a raga. Ka faɗa a gaban kowa cewa kai ne ka ba shi izini, don kada manyan su ɗauka raini ne.

Game da ɗaga ƙarfe, ba shi ne maganin wannan ciwon ba, ko da yake ƙarfafa jijiyar bayan cinya da ta matsematsi yana rage rauni, kuma ya kamata ya shiga ɗumama jikinku na kullum. Tsawo ma kada ya ruɗe ka. Fabio Cannavaro mita 1.76 ne, gajere a wannan gurbi, amma shi ya jagoranci Italiya ta ɗauki Kofin Duniya a 2006 ya kuma karɓi Ballon d'Or a shekarar yana da shekara 33. Abin da zan ce ka ƙara masa shi ne wasa da ƙwallo a ƙafa, da ƙafar hagu musamman. Tun da aka hana mai tsaron raga kama ƙwallon da nasa ya mayar masa da ƙafa a 1992, sa'an nan a 2019 aka yarda a karɓi bugun gola a cikin yadi na 18, ɗan bayan da bai iya komai ba sai dokawa sama kasuwarsa ta ragu ƙwarai. Na san filayenmu masu tauri da tudu da kwari suna koya wa yaro ya rabu da ƙwallo da wuri, kuma ba laifinsa ba ne, amma duk wanda zai zo kallonsa daga waje zai duba taɓawarsa ta farko kafin ya duba tsallensa.

Sai batun benci, wanda shi ne ainihin abin da ke damunka. Kuskuren ɗan gaba ana mantawa da shi kafin a tashi wasa, na ɗan baya kuwa a allo ake rubuta shi, shi ya sa masu horarwa ke gudun sa yara a baya, kuma shi ya sa 'yan baya ke ƙwarewa a makare. Virgil van Dijk ya bi ta Groningen da Celtic da Southampton, sai da ya kai shekara 26 Liverpool ta saye shi fam miliyan 75 a Janairun 2018. Arsenal ta sayi William Saliba a 2019 yana ɗan 18, amma sai da ya yi zaman aro a Saint-Etienne da Nice da Marseille kafin ya buga mata wasan Firimiya na farko a Agustan 2022. Namu Zaidu Sanusi na Jega ya yi ta fama a ƙaramar ƙungiyar Mirandela a Fotugal kafin Santa Clara, kafin Porto ta ɗauke shi a 2020. Dukansu wasa suka yi ta bugawa a inda kuskurensu ba zai kashe su ba, domin karanta wasa ba a koyonsa daga benci.

Idan kuma dole ne yaro ya buga babban wasa, to a duba wanda za a haɗa shi da shi. Marigayi Stephen Keshi, mai horar da Najeriya a lokacin, wanda shi kansa ɗan baya ne, ya tsayar da Kenneth Omeruo yana ɗan 19 tare da Godfrey Oboabona na Sunshine Stars a Kofin Afirka na 2013, kyaftin Joseph Yobo yana benci a yawancin wasannin, amma ya ajiye musu Mikel Obi da Ogenyi Onazi a gaba da Vincent Enyeama a baya, kuma a wasan ƙarshe Burkina Faso ba ta ga ragarsu ba. Kai ma ka yi haka gwargwadon abin da kake da shi: ka haɗa yaronka da lamba shida mai natsuwa da magana ko da ba shi da gudu, ka hana lamba huɗu, ɗan tsakiyar da ke tsayawa a gabansu, yawo, ka bar shi ya ci gaba da bugawa.

Ranar wasa ka sa wani ya hau saman katanga ko bayan mota ya ɗauki wasan da waya daga sama, ta yadda za a ga layin bayan duka, ba mai riƙe da ƙwallo kaɗai ba. Kada ka yi masa gyara ranar da aka ci ku, kuma kada ka yi a gaban abokansa. Washegari ku zauna ku biyu, ka tsayar da hoton daƙiƙa uku kafin ƙwallon ta shiga, ka tambaye shi abin da ya gani da abin da ya sa ya tsaya inda ya tsaya, ka yi shiru har ya amsa da kansa. Ka ba shi zagaye na biyu na wannan kaka a kan haka, kana rubuta sau nawa ya zube ƙasa a kowane wasa da sau nawa ya tare ƙwallo a tsaye. Idan na farkon yana raguwa na biyun yana ƙaruwa, ka riƙe shi ko da ƙwallo tana shiga tukuna. Idan kaka ta ƙare lissafin bai motsa ba, ka turo mini hotunan mu duba ko gurbin lamba huɗu zai fi dacewa da shi.