Ɗalibaina Sun Ce Waƙar Baka Ba Ta da Tsari, Ta Ina Zan Ɓullo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare da ke Tudun Wada, Zariya. Ɗalibaina sun haddace ma'anar baiti da ɗango (layi ɗaya a cikin baiti) da amsa-amo (ƙarewar layuka da sauti iri ɗaya), amma da na kunna musu waƙar baka na ce su fitar da tsarinta, sai suka ce ba ta da tsari tun da ƙarshen layukanta bai zo iri ɗaya ba. Jarrabawa ta matso, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, domin yaran sun faɗi abin da aka cusa musu ne, kuma yana gyaruwa.

Ki fara raba musu gida biyu. Rubutacciyar waƙa ana auna ta da baiti da ɗango da kari (ma'aunin waƙa) da amsa-amon ciki da na waje, da mabuɗi da marufi, kamar yadda za su gani a Imfiraji ta Aliyu Namangi, mutumin Zariya, wadda take ƙwar biyar, wato kowane baiti yana da ɗango biyar. Waƙar baka kuwa a kan gindi take tsayawa, wanda ake komawa gare shi bayan kowane ɗa (wato baitin waƙar baka), jagora yana bayarwa 'yan amshi suna karɓa ko su yi masa ƙari, kiɗan kalangu ko kotso yana riƙe da su duka.

Abin da ya fi damuna, wanda kusan kullum nake cin karo da shi har a wurin ɗaliban da suka zo jami'a, shi ne zaton cewa amsa-amo shi ne waƙa. Wannan kuskure ne mai haɗari, kuma 'yan takardun nan na tambayoyi da amsoshi da ake sayarwa a bakin makarantu, waɗanda ba a san wanda ya rubuta su ba, su suka fi yaɗa shi. Yaron da ya ginu a kansa zai jera zance tsura ya liƙa "-wa" a ƙarshen kowane layi, ya ɗauka ya yi waƙa, sannan ya dubi makaɗin da ya shekara arba'in yana waƙa ya ce bai iya ba. Abin da ke riƙe waƙa shi ne kari, wato yadda gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi suke jeruwa, kuma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa "gari" na tuwo da "gari" na zama suke kama ɗaya a takarda alhali gaɓarsu ta farko ta bambanta a nauyi. Wanda ya tsaya ƙirga gaɓoɓi da ido ba tare da ya rera ba, ba zai taɓa gane inda ɗango ya karye ba.

Saboda haka ki ajiye allo tukuna. Ki raba ajin, ɗalibi ɗaya ya zama jagora, sauran su zama 'yan amshi, su rera suna tafi, ki tambaye su wane ɓangare ne yake ta dawowa. Su da kansu za su nuna miki gindin. Bayan nan ne za ki ba su sunayen.

Ina roƙon malamai su ji tsoron Allah su daina koyar da waƙa a aji shiru don kawai a kammala manhaja kafin mai duba aiki ya zo. Amana ce aka ba mu, kuma za a tambaye mu yadda muka miƙa ta ga yaran nan.