Labari tukuna, lissafi ya biyo baya

Malam, ka tambaya ko da labari za ka buɗe baki gaban masu ba da jari a Yamai, ko da lissafi, tunda kuɗin gina rumbun ajiyar albasa kake nema. Fara da labari, amma gajere, kada ya wuce minti 2.

Ni ma na taɓa tsayawa gaban irin waɗannan mutane da takardun lissafi zalla, ina karantawa suna latsa waya. Da na koma karo na biyu, sai na ba su labarin kawuna, manomin albasa a garin Galmi: yadda yake sayar da buhu da arha lokacin girbi, kasuwa ta cika maƙil, don in ya zuba a rudu, wato rumbun gargajiya, sai ya riƙa tsame ruɓaɓɓu da hannunsa, ga kuma farashi ya hau bayan ƴan watanni, shi ba ko buhu ɗaya. Nan take aka ajiye waya, aka shiga tambaya. Sharaɗin dai, labarin ya zama gaskiya, na wanda ka sani ido da ido, kuma kana rufe baki ka faɗi sefa nawa kake so, buhu nawa rumbun zai ɗauka, da watan da za ka fara biya.