Amsar Gwaggo a kan wunin biki

Ɗana, saƙonka ya iso, har sau biyu na sa ƙanwarka ta kunna mini shi. Ka ce kun yi shawara da yarinyar, in ka zo nan Gadarif ta Sudan ɗaurin aure za ku kama zauren haya na awa uku da dare kamar yadda abokanka ke yi a Jidda, a raba abinci a robobi, a sa kiɗa a na'ura, kowa ya kama gabansa. Kuma kana tambaya ta, me ya sa biki sai ya cinye wuni guda cur, tun asuba har dare ya raba, da girki tukunya bayan tukunya, ga kuma makaɗa. Ban ji haushi ba, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka yanke. Sai dai ban goyi bayanku ba, kuma zan gaya maka dalili.

Wunin biki rabo ne, kowane lokaci da masu shi. Asuba ta tsofaffi ce. Da an sallame salla sai su biyo layi zuwa rumfar da aka kafa a ƙofar gida, a kawo musu shayi da madara da zalabiya mai zafi, su sa albarka. Waɗannan mutane ba sa fita bayan isha'i, ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. In ka ce sai ƙarfe tara na dare a wani zaure can bakin gari, ka sallami abokan mahaifinka ke nan ba tare da ka buɗe baki ba.

Da hantsi sai fatur, karin kumallon nan namu na Sudan da ba a ci sai rana ta ɗaga. Ka bar ƙasar nan kana ƙarami, ban sani ba ko kana tuna yadda siniya ke fitowa. Samari ne ke ɗauko su a ka, manyan tire rufe da faifai, wasu daga gidanmu, wasu daga gidajen maƙwabta da ko Hausa ba sa ji. A tsakiya asida, tuwon Sudan, da miyar tagaliya ta busasshen nama da garin kuɓewa, a gefe kisra, gurasar dawa mai falan-falan, a ninke, ga ful, dafaffen wake, da man riɗi, ga wainarmu da tuwo da miyar kuka don kada a manta da gida. Mutum biyar ko shida su kewaye siniya ɗaya, hannu na gogar hannu. Ɗan kasuwa zai zauna da leburan da ya zo yankan riɗi, ba wanda zai tambayi wani wa ya gayyace shi. Kai da ke kusa da Makka ka fi ni sanin hadisin da ya ce mafi sharrin abinci shi ne na walimar da aka kira mawadata aka bar matalauta. Na taɓa zuwa wani biki a zauren haya a Khartum, da idona na ga mai gadi ya mayar da wata tsohuwa saboda ba ta da kati, alhali ita ta yi wa uwar amaryar wankan jego lokacin da aka haifi amaryar. Ta juya tana gyara mayafi, ba ta ce uffan ba. Har yau abin bai bar raina ba.

Kai kana ganin girkin wahala ne. E, akwai wahala, hayaƙi har ido ya yi ja. Amma a daren jajibiri, gaban kaskon kisra, a nan matan danginmu da na amarya ke sanin juna. A nan za a gane wace ce mai haƙuri, wace ce mai saurin fushi, wa za a kira ran da matarka ke naƙuda kana can ƙetaren teku. Ban da haka, shekara sama da talatin ina kai wa mutane biki, wannan buhun sukari, waccan galan ɗin mai, wata sabulu. Duk suna riƙe da shi a rai, suna jiran ranarka su rama. In ka hana su, ba sauƙi ka yi musu ba, kunya ka bar su da ita.

Ɗaurin aure kuma bayan la'asar a masallaci, waliyyi da wakili su yi magana, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, a raba goro da dabino, mata su rangaɗa guɗa daga cikin gida. Wannan ka san shi.

Maganar makaɗa ce nake so ka saurara da kyau. Ka san yadda muka zo ƙasar nan. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ake kira da sunansa har gobe. Wasu kuma hajji ta fito da su a ƙafa, suka tsaya neman guzuri a gonakin auduga na Jazira bayan an buɗe su a 1925, da niyyar su kai Sawakin ta bakin Bahar Maliya su haye, sai zama ya kama su. Yawancin mutanen nan ba su bar mana takarda ba. Asalin kowa yana bakin maroƙi da fatar kalangu.

Ranar bikina a Mai Wurno, kakata tana ɗaki, ta tsufa ƙwarai, ita da aka goyo daga Burmi tana 'yar ƙarama. Da yamma aka riƙo ta zuwa tsakar gida. Mai kalangu yana hango ta ya matse tsarkiya a hammata, ya sauya kiɗa, maroƙi ya ɗaga murya ya kira sunan ubanta da na ƙauyensu a ƙasar Sakkwato, ya ce ga 'yar masu hijira ta fito. Tsohuwar nan ta saki sandarta, ta ɗaga hannu ɗaya sama, hawaye na bin kumatunta. Ni a ranar na fara jin sunan ƙauyenmu, kuma ni na gaya wa mahaifinka shi, Allah ya jiƙansa. To na'ura ta san wanda ya shigo? Ta san wace ce uwar ango, balle ta sassauta don tsohuwa ta taka?

Da dare 'yan mata za su ɗauki dalluka, gangar yumɓun nan, su yi waƙoƙinsu da Larabci, mu ma manya mu kifa ƙwarya a ruwa mu yi namu. Jirtig kuwa, al'adar nan ta ango da amarya da jan tufafi da fesa madara, a wurin maƙwabta muka gan shi, wasu gidajenmu na yi wasu ba sa yi. Bar wa uwar amarya wannan. Sharaɗina dai bai canja ba: da an kira salla kiɗa ya tsaya, maza da wurinsu mata da nasu, liƙi kuma daidai ƙarfi, ba gasa ba.

Na san kuɗi ne ke damun ka, kuma da gaskiyarka. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 komai ya yi tsada, gidan nan kuwa cike yake da 'yan'uwa da suka gudo daga Khartum da Madani. Kada ka ci bashin ko fam ɗaya. A bar sa, raguna biyu sun isa. A rage kayan lefe. Agashe, tsiren Sudan, ma ba dole ba ne, godo-godon gero ya wadatar da yara. Amma mutanen nan da suka rasa gidajensu sun daɗe ba su zauna wuri ɗaya don abin farin ciki ba, kullum sai ta'aziyya. Ka bar musu wuninsu cikakke.

Ka sa ranar bayan an gama yankan riɗi, lokacin mutane na da sarari kuma hanya ta bushe. Ka sanar da ni da wuri don in aika wa mai kalangu, shi kaɗai ya rage a unguwar da ya san gidajenmu, kuma a kaka ba ya zama. In za ka taho ka riƙo mini dabinon Madina na ɗaurin aure da turaren wuta. Ka gaida kawunka da iyalinsa.

Gwaggonka.