Ƙazanta na yoyo ta wajen ɗinkin ɗana: zan iya kai ƙara?

Malam, na karanta wasiƙarka. Taifot ta huda hanjin yaronka, aka yi masa aiki, aka fito da bakin hanji ta fatar ciki aka manna leda. Yanzu ga wani rami ya ɓulle a ɗinkin yana tsiyaya, fatar wurin ta saɓule, yaro sai ramewa yake. Allah ya ba shi lafiya.

Yoyon shi kaɗai ba hujjar laifi ba ne. Hanjin da taifot ta ci ba shi da ƙwari, ɗinki kan warware ko a hannun gwani. Doka ba ta tilasta wa likita warkarwa ba, kulawa ta gaskiya ta ɗora masa. Saboda haka alƙali abin da ya biyo baya zai bincika. Ranar da zazzaɓi ya tashi, bandeji ya jiƙe sharkaf kuka gaya wa majo (shugaban masu jinya), kwana nawa aka yi kafin likita ya leƙo? An yi masa ƙarin ruwa don mayar da abin da ke zuba? An kare fatar daga ruwan hanji mai cin nama? An kula da cimarsa? Bushewar jiki, tamowa da ƙwayoyin cuta a jini su ne haɗarin wannan ciwo, kuma nan ne sakaci ke bayyana.

In asibitin kuɗi ne, aya ta 1382 da 1383 ta dokar farar hula ta Nijar (Code civil) ta ba ka damar neman diyya, muddin ka nuna laifi, da cutarwa, da alaƙar su biyun. In na gwamnati ne, fara rubuta wa shugabansa buƙatarka, ka riƙe kwafi mai hatimi. Akwai kuma hanyar mai shigar da ƙara kan raunata mutum bisa sakaci, amma ban ba ka shawarar farawa da ita ba tun yaro yana hannunsu.

Nemi dosiyensa da takardar bayanin aikin a rubuce, adana rasit da takardun magani, ka riƙa ɗaukar hoton wurin da kwanan wata. Wani likita kotu za ta naɗa ya duba, da waɗannan zai yi aiki. In kuɗin lauya ya gagara, je ofishin ANAJJ, hukumar ƙasa mai taimaka wa mutane kan shari'a, a babbar kotun Maraɗi. Tun 2011 doka ta kafa hukumar don marasa ƙarfi.

Ina roƙonka, kada fushi ya sa ka sa hannu ka ɗauke shi zuwa gida. Likitoci kan jira watanni kafin su sake buɗe irin wannan ciki, kuma takardar da ka sa wa hannu ita za a fara nuna wa alƙali.