Karatun 'ya mace yana rage talauci da gaske?

Kana tambaya ko ba 'ya'ya mata ilimi daidai da maza yana rage talauci. Yana ragewa, musamman idan yarinya ta kai ƙarshen sakandare. Wadda ta kammala tana iya riƙe lissafin sana'arta, ta karanta ƙa'idar maganin ɗanta, ta nemi aikin albashi, kuma da wuya ta bar nata 'ya'yan ba karatu.

Inda abin ke lalacewa shi ne bayan firamare. Sakandare ta yi nisa, ba makewayin mata daban, idan al'ada ta zo sai yarinya ta yi kwanaki a gida, ga kuɗin littattafai ko da an ce karatu kyauta ne. Shi ya sa tsarin da Bangaladash ta faɗaɗa a 1994 ya cancanci koyi: a lokacin ana biya wa 'yan matan karkara kuɗin makaranta, a sa musu alawus a asusun banki da sunansu, da sharaɗin halartar kashi 75 na ranakun karatu, samun maki 45 cikin ɗari, da jinkirta aure. Duk da haka, idan malamai ba sa shiga aji, yarinya za ta gama ba ta iya karatu ba, kuɗin kuma ya tafi a banza.