Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Armashin Prison Break Ya Ragu?

Tambaya: Assalamu alaikum. A majalisarmu ta Fagge mun sake kallon Prison Break, fim ɗin Amurka mai dogon zango, tun daga farko. Zango na ɗaya har barci ya hana mu, amma daga na uku sai muka ga labarin yana ta jan ƙafa. Mu ne muka ƙoshi, ko rubutun ne ya lalace? Daga mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idonku lafiya lau, ginin labarin ne ya tsage.

Zango na ɗaya, wanda ya fito a 2005 da kashi 22, tambaya ɗaya tak ya riƙe: shin Michael Scofield zai fitar da yayansa Lincoln daga kurkukun Fox River kafin ranar da za a kashe shi? Ga wa'adi, ga katanga, ga taswirar gidan a zane a jikin Michael. Duk abin da aka nuna maka sai ya yi amfani a gaba. Ka tuna ƙusar da ya kwance daga bencin filin fursunoni, ya yi ta goga ta har ta zama makullin kwance masan ɗakinsa. Ka tuna ƙaryar ciwon suga da ya yi don ya riƙa shiga asibitin gidan. Marubuci ba ya yin irin wannan shuka sai ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya rubuta kashin farko.

To, suna tsallake katanga aka amsa tambayar. Zango na biyu ya rayu da farautar su. A na uku sai aka sake cusa Michael a kurkukun Sona a Panama, ba taswira, ba shiri, sai dabarar da ta faɗo daga sama a lokacin da ake bukatarta. Yajin aikin marubutan Amurka na 2007 zuwa 2008 ya ƙara dagula lissafi, zangon ya tsaya a kashi 13.

Amma babbar ɓarnar, a ganinmu, wasa da mutuwa ne. An nuna an kashe Sara, likitar Fox River da Michael ke so, a zango na uku, sai ga ta da rai a na huɗu. Michael kansa ya mutu, a 2017 kuma aka tono shi da ransa a wani kurkuku a Yaman. Daga nan ko an ɗora wa jarumi bindiga a ka, mai kallo ba ya ko gezau.

Marubutanmu na Kano masu sha'awar labarin kurkukun Kurmawa ko na Goron Dutse, ku fara rubuta kashin ƙarshe, sannan ku ƙirga baya. Kowane kashi a rubuta masa abu biyu a takarda: me aka shuka, a wane kashi za a girbe shi. In furodusa ya nemi ƙarin zango bayan fursunan ya fita, a kawo sabon fursuna da sabon wa'adi, wancan a bar shi ya tafi gida.